Daga Faru Zuwa Ɗinya: Yadda Za Ka Raini Kwikwiyo a Gidan Gona Har Ya Raka Yara Daji

Ana cikin noman farko ƙanin mai ɗakina ya sauko daga babur da kwali a hannu. Cikin kwalin ɗan kwikwiyo ne baƙi ƙirin, sai rawar ɗari yake yi. Mu muka nema. Gidanmu ne na ƙarshe a gefen ƙauye, nan ƙasar Zazzau, daga katangarmu sai gonaki, kuma a ranin da ya gabata an kwance mana awaki biyu cikin dare ba wanda ya ji motsi. Yara suka kewaye kwalin. Autana bai tambayi abin da zai ci ba, bai tambayi inda zai kwana ba, cewa ya yi: "Baba, gobe da shi za mu je faru?"

Na ce a'a, sai ɗinya ta nuna.

Tsakanin nunar faru da nunar ɗinya akwai kusan wata huɗu, kuma aikin da aka yi cikin watannin nan shi ke nuna ko kare zai zama abokin tafiyar yaranka ko kuwa abin da zai ja maka rigima da maƙwabta da zaryar asibiti. Zan bi da kai aikin daki-daki yadda muka yi shi.

Kafin ya shigo gida

Fara da niyya, domin a ƙasarmu ba a ajiye kare don ado. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Gidan gona mai dabbobi yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame. A mazhabar Malikiyya da galibinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka ware masa kwanonsa na abinci da na ruwa tun ranar farko, kada su haɗu da na gida ko a wajen wanke-wanke. Kuma wanda ya ɗauko rai ya ɗaure a gidansa, ci da shansa sun hau wuyansa. Duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Sai shawarar mutanen gida. Mahaifiyata, da yara ke kira Inna, ta gindaya sharaɗi uku: ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa madafa, ba ya kusantar inda take shimfiɗa buzun salla. Muka karɓa, muka yi masa 'yar bukka ta kara da rufin kwano kusa da turken awaki. Ka ɗaga ƙasan bukkar da ɗan katako ko dandamali, ka shimfiɗa tsohon buhu. Da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne: akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da warin fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna ciki, ka ga jikinsa ya yi ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Busasshen makwanci da shara kullum su ne maganinsa.

Wajen zaɓe, kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba. Mutane suna ɗokin raba su da uwa tun suna sati 3 ko 4 wai don su fi sabo, amma waɗannan su ne ke yawan mutuwa, waɗanda suka rayu kuma sukan tashi da cizo, domin wajen uwa da 'yan'uwa kwikwiyo ke koyon iyakar haƙoransa. Je ka ga uwar da idonka. In mai natsuwa ce, ta yi haushi ta yi shiru da mai ita ya tsawatar, da alama ɗanta zai biyo ta. Duba ido ba kwantsa, dadashi ja-ja ba fari fat ba, gindi ba alamar zawo, ciki ba ya kumbura kamar tulu. Karen gida irin namu ya fi na Turawa dacewa da wannan rayuwa: ya fi jure zafi da kaska, kuma abincinmu ya ishe shi.

Suna kuwa, gajere mai gaɓa biyu, ba sunan mutum ba, ba kuma irin sunan habaicin nan da ake sa wa kare don a tsokani maƙwabci ba, tunda yara ne za su riƙa ƙwala shi a bainar jama'a. Namu Duna aka sa masa saboda baƙinsa.

Ci da sha a makonnin farko

Daren farko da na biyu zai yi kuka, kewar uwa ce. In za ka iya, karɓo tsumman da suke kwana a kai a gidan da aka haife shi. Kada yara su ɗauke shi su kai ɗaki don tausayi, abin da aka fara ranar farko shi zai nema kullum.

Har ya kai wata 3, sau huɗu a yini ake ba shi, kaɗan-kaɗan. Daga wata 3 zuwa 6 sau uku, bayan nan safe da yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne tuwo zalla. Tuwo yana cika ciki amma ba ya gina ƙashi. Mu abin da muka yi: ɗumamen tuwo ko kunu marar sukari, a dama da dafaffen ƙwai ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ranar kasuwa kuma a karɓo ɗan kayan ciki wajen mahauta a dafa ba gishiri. Dafaffiyar kabewa da dankali ma suna yi masa amfani. Madarar shanu ɗanya takan sa su zawo, in za ka ba shi to ɗan kindirmo cokali biyu ya fi.

Akwai abubuwan da muke ci lafiya amma guba ne gare shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka ragowar miya ba tasa ba ce. Goro, cakulan da inabi ma guba ne gare shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Totuwar masara in ya haɗiye takan toshe ciki. Kuma ko ka ga yana zazzaɓi, kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, da yawa sun mutu ta haka a hannun masu son su. Maganin ɓera da ragowar maganin feshi a ɗaga su sama, jarkar da aka gama feshi da ita kada ta zama mazubin ruwansa.

Allura da maganin tsutsa

Nan ne ba na son ka yi sakaci ko kaɗan, domin maganar ta wuce lafiyar kare, ta 'ya'yanka ce.

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki yake zuwa, daga uwa yake ɗauka. Ana ba da maganin tsutsa duk sati 2 har ya kai sati 12, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Da nauyinsa ake auna maganin, saboda haka bari malamin dabbobi ya auna, kada mai shago ya kintata maka. Wasu daga tsutsotsin nan suna kama yaran da ke wasa da ƙasa, shi ya sa kashinsa ake kwashewa kullum a binne, hannu kuma a wanke da sabulu kafin a ci abinci.

Allurar farko tun yana sati 6 zuwa 8 ake yi, ta cututtukan da ke kashe ƙananan karnuka. Mafi muni a cikinsu ita ce fabo, mai zuwa da amai da zawon jini mai ɗoyi, takan kashe cikin kwana biyu ko uku, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa watanni. Ana maimaita allurar duk sati 3 zuwa 4 har ya kai wajen sati 16. Kafin ya kammala, ba ya fita yawo inda karnukan gari ke kashi. Dalilin farko ke nan da ya sa Duna bai je faru ba.

Sai allurar haukan kare idan ya cika wata 3, a kuma sabunta ta duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, akwai kuma ta ƙasashen waje. Mu da ke kusa da Zariya muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke nesa kuma ya tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a wurare da dama akan yi allurar kyauta, amma kada ka jira ta in lokacin karenka ya riga ya yi. Abu biyu za ka lura da su: allurar ta fito daga sanyi a gabanka, domin wadda ta kwana cikin zafi ruwa ce kawai, sannan a ba ka kati mai kwanan wata. Adana katin nan tare da takardun gida. Ranar da karenka ya yagi ɗan maƙwabci, shi ne zai kwantar da hankalin gida biyu.

Tun yanzu ka koya wa kowa a gidan, har Inna, abin yi idan kare ya ciji mutum, ko naku ko na wani: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar, a karɓi allurar mutane a kuma cika ta yadda likita ya tsara. Ba a ƙona gashin karen a shafa, ba a jiran a ga ko zai kumbura. Karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana 10. Ka jaddada wa yara cewa ba za a doke su ba in sun faɗa, domin yaro yakan ɓoye ɗan yagi don tsoron faɗa, kuma nan haɗarin yake.

Kaska da ƙuma suna yawa da damina. Kowace yamma a duba kunne, wuya da tsakanin yatsu. A kama kaska dab da fata a ja a hankali, a jefa cikin kananzir. Kada a yi masa wanka da maganin feshin gona, kada a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Akwai magungunan da aka yi don karnuka, kuma kwikwiyo ba kowanne yake ɗauka ba, sai an tambaya.

Kalma huɗu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen gidan gona ba ya bukatar wasanni, kalma huɗu sun ishe shi: sunansa, "zo", "zauna", "bari". Minti biyar, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci lokacin da yake jin yunwa. Ladansa ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli marar yaji, kamar ƙwayar wake.

"Zo" ita ce uwar sauran, a kanta za ka fi daɗewa. Yara biyu su tsuguna nesa da juna a tsakar gida, wannan ya kira ya ba shi lada, wancan ya kira ya ba shi. In ya ƙware, a fita bayan gida da igiya doguwa, kamar kamu ashirin. A kira sau ɗaya. In bai zo ba a jawo igiyar sannu, da ya iso a yaba masa kamar da kansa ya zo. Doka guda ce a nan wadda ba a karyawa: ba a kiran kare don a doke shi. Ko takalmin wa ya tauna, in ka ce "zo" ya zo, to ya yi daidai. Ranar da ka kira shi ka zabga masa bulala, ka koya masa cewa zuwa wurinka wahala ce, kuma a daji za ka gane kuskurenka, lokacin da ya doshi garken shanu kana kira yana waiwaye yana ƙara gaba.

"Bari" kuma ita ce za ta ceci ransa. Riƙe ƙuli a dunƙulen hannu, ya shinshina, ya lasa, ka ce "bari", ka jira. Da ya janye kai, ba shi wani daga ɗaya hannun. Bayan kwanaki a ajiye a ƙasa a rufe da tafin ƙafa, daga baya a bar shi a buɗe. Kalmar nan za ka faɗa in ya nufi mushe, ko kwaɗo, ko wani abu mai motsi cikin ciyawa.

Kaji da awaki tun yana ƙarami za a saba masa da su, kafin ya wuce wata 3 da rabi, lokacin da komai sabo yake karɓa ba tsoro. Babbar 'yata takan riƙe shi da igiya lokacin da take watsa wa kaji tsaba. In ya zauna ya kalla kawai, lada. In ya zabura, "bari", a ja shi baya. An ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, haka in ka ga ya ƙame ya kafa wa tsako ido, kada ka jira ya yi tsalle. Karen da ya ɗanɗana kaza sau ɗaya da wuya ya daina, kuma a ƙauye ƙarshensa a zuba masa guba.

Yara ma da nasu horon. Ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a ja masa wutsiya, ba a cuna shi ga kowa ko da wasa, ko almajiri ne ko akuyar maƙwabta. In ya kama hannu da haƙori cikin wasa, a tsaya cak a juya masa baya, a ba shi tsohuwar igiya ya tauna. Wajen wata 4 yake famfara, taunar takan yi yawa. Kuma kada ka ɗaure shi dare da rana wai don ya yi zafi. Irin wannan karen ba ya bambanta ɓarawo da baƙo.

Fitar yara kafin tasa

Duk wannan lokacin daji bai tsaya jiran kowa ba. Farkon damina faru ke nuna, zangarniya-zangarniya, daga kore ya koma ja-ja har baƙi-baƙi. Bishiyar danya tana zubar da nunu, ya faɗo da ɗan kore ya ƙarasa nuna a ƙasa ya zama rawaya. Kaɗanya tana zuba daga wajen Yuni zuwa Agusta, ita ba a tsinka, wadda ta faɗo ake tsinta, a sha naman a tara ƙwarar don mai. Yi amfani da waɗannan fitar ka horar da yaran su ma, ta yadda ranar da kare zai shigo tafiyar ba abu biyu za ka koyar a lokaci guda ba.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne sanin abin da ba a ci. Na kai su gindin kowanne na nuna da hannu. Cin-da-zugu da ake shinge da shi, ƙwararsa tana da gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci har su ƙoshi, sai amai da zawo. Zurma ma haka, ta fi shi ma haɗari. Zaƙami mai 'ya'ya masu ƙaya yana gusar da hankali. Idon zakara, jan nan mai ɗigon baƙi da 'yan mata ke son tarawa, in aka tauna shi yana kisa. Ruwan tumfafiya kuma kada ya kusanci ido. Dokar ita ce: abin da babba bai taɓa ba ka da hannunsa ba, ba ya shiga baki, ko da ka ga tsuntsu yana ci.

Sai haƙƙin mutane. Itacen da ke cikin gona na mai gona ne, ɗorawa musamman. A yi sallama a nemi izini, a bi gefen kunya, kada a tattake shuka. Ba a sare reshe don a kai ga 'ya'ya.

Ranar ɗinya

Ƙarshen damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba gwargwadon wuri, ɗinya take baƙi. Ta fi son fadama da bakin rafi. A lokacin Duna ya doshi wata 6, alluransa sun cika har da makonni a kai, kuma yana amsa kira ko da akuya na gudu a gabansa. In naka bai kai nan ba, ya je da igiya ko ya zauna gida. Kanya da magarya suna nan tafe da hunturu, bai yi asarar shekara ba.

Tun jajibiri ka tambayi manoma da makiyayan da ke bin wajen ko lafiya. A halin da dajinmu ke ciki yanzu, wannan ita ce tambaya ta farko, kuma in an ce a dakata to a dakata. Ka faɗa wa na gida gindin da za ku da lokacin dawowa. Ba a tura yara su kaɗai wai ga kare, ɗan wata 6 shi ma yaro ne.

A fita bayan raɓa ta ɗan sauka, a dawo kafin rana ta take. Kowa da takalmi mai rufe ƙafa, na roba mai tsawo in akwai, da dogon wando. A ɗauki gora doguwa mai ƙugiya, sanda, buhu ko tsohon zane na shimfiɗawa, kwando ko ƙwarya, ruwan sha, da ɗan kwanon kare daban. Leda ba ta yi, ɗinya nunanniya tana dagargajewa a ciki ta yi tsami. A kan hanya yana cikin igiya har a wuce gonaki, domin masara ɗanya da gyaɗa suna jan karnuka, haka in an hango garke. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa da kare, makiyayi ma ba zai ji daɗi ba.

In an iso, yara su tsaya baya. Kai ne za ka fara shiga, ka bubbuga ciyawa da sanda kewaye da gindin. Inda 'ya'yan itace ke zuba ɓeraye suna taruwa, inda ɓera yake kuwa maciji na kusa. Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ƙarama ce mai launin ƙasa, kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take har a taka ta. Ɗaga kai kuma ka duba rassa ko akwai gidan rina ko zuma. Sannan a shimfiɗa zane, kai ka kaɗa reshe da gora, su su tsince daga kan zanen. Ta haka ba wanda zai cusa hannu cikin ciyawa ko rami. Hawa kuwa na hana, reshen da ya sha ruwan damina santsi gare shi. Kanya ta nuna biri ya karye, ba ma son a yi mana wannan karin maganar a gida.

Shi Duna muna ɗaure shi a inuwa inda yake ganinmu, sai an gama kaɗawa a sake shi ya zagaya kusa. Ka riƙa kiransa jefi-jefi ka ba shi lada ka sake shi, don kada ya ɗauka duk kira na komawa igiya ne. Lura da haushinsa. Na wasa daban, wanda yake yi a tsaye wuri guda, yana ja da baya yana kallon ƙasa, daban. In ka ji irin wannan, kira yara su zo bayanka, ka ce masa "bari", "zo", ku canza gindi. Kada ka zuga shi. Karnuka a fuska ake saran su saboda da hanci suke bincike. Kada kuma ya ci ɗinyar da ta zuba, naman ba ya cutar da shi amma ƙwallon yana iya tsaya masa a hanji.

In tsautsayi ya faɗa, maciji ya sari mutum: a kwantar da shi, a cire zobe ko abin hannu, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Saran kububuwa yakan yi kamar ba komai a yinin farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki, amma kai tun kafin damina ka binciki wanda ya fi kusa da kai mai maganin. Kare ma in an sare shi ɗaukarsa ake yi, kada a bar shi ya taka, a nufi likitan dabbobi.

Ido ɗaya kuma yana sama. Da hadari ya haɗo daga gabas a tattara, ba a fakewa gindin doguwar bishiya saboda tsawa, kuma rafin da kuka tsallaka ruwa iya idon sawu yana iya cika kafin ku dawo. Kada a kwashe gindi tas, a bar wa na baya da tsuntsaye.

Bayan an dawo

Kafin kowa ya zauna, a duba kare daga hanci zuwa wutsiya: kaska a kunne, ƙarangiya a gashi, ƙayar tsidau a tafin ƙafa. A ba shi ruwa, a bar shi ya huta kafin abinci. Yara ma a duba musu ƙafa da bayan gwiwa, su yi wanka da sabulu.

Ɗinyar a zube ta a faifai a ware. Mai tsutsa da wadda ta fashe a ƙasa a zubar can inda kare ba zai kai ba. Baƙa mai laushi a wanke a sha a ranar ko washegari. Wadda ta ƙosa amma da sauran kore, Inna takan rufe ta cikin toka mai sanyi a tsohuwar tukunya, bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi. Ƙwallayen da yara suka tsotse a tara a gwangwani guda, kada a watsar a tsakar gida.

In ta yi yawa sai maɗi. A zuba nunanniyar a ruwa mai tsabta ta jiƙa, a murje da hannu har naman ya rabu da ƙwallo, a tace da rariya, a sake tacewa da ƙyalle. A ɗora ruwan a wuta, ya tafasa, sannan a rage itace a bar shi yana ƙonewa sannu, ana juyawa da muciya don kada ya kama. Aikin sa'o'i ne, kuma tukunya cike takan koma 'yar kaɗan. In ka ɗiga a faranti ya tsaya bai bazu ba, ya yi. A bar shi ya huce, a zuba a kwalba busasshiya mai murfi, a riƙa ɗiba da cokali marar laima. Wanda bai yi kauri sosai ba ba ya daɗewa, a fara shanye shi da kunu ko fura.

A ranar ne kuma na ɗauko katin Duna na duba: maganin tsutsa na wata 6 ya yi, daga nan sai duk wata 3. In naka mace ce, daga wannan lokaci zuwa shekara take fara neman namiji, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, don haka ka yi magana da likitan dabbobi tun yanzu kan ko za a yi mata aiki ko za a riƙa tsare ta. Namiji ma a wannan shekarun yake fara yawon dare, a gyara ƙofar shinge kafin a fara girbi.